Rafika da Kiran Asibitin Tunis

Rafika mai gasa burodi ce a tanderu, a bayan gidansu da ke garin Regueb. Mijinta Sadok da can direban motar haya ne tsakanin Regueb da Sfax, har ciwon sukari ya cinye masa ƙoda duka biyun, ya ajiye tuƙi. Tun daga nan gidan ya koma bin ranakun wankin ƙoda, Litinin da Laraba da Juma'a, awa huɗu a jikin na'ura. Rafika ce ke auna masa ruwan sha da ƙaramin kofi, ita ke ɓoye gishiri da dabino, ita kuma ke shan faɗansa in ƙishirwa ta matsa masa. Shekara biyar sunansa na cikin jerin masu jiran dashen ƙoda.

Kiran ya zo wata Talata da hantsi, hannunta dumu-dumu da ƙullu. Wata mata ce daga asibiti a Tunis, babban birnin ƙasar. Ta ce an samu ƙoda biyu na wani da ya rasu a hatsarin mota, an kira mutum uku, Sadok na cikinsu. Su iso kafin la'asar, kada ya ƙara cin komai ko shan komai. Sai ta tambaya ko yana da zazzaɓi ko wani ciwo. Rafika ta ce lafiyarsa lau. Sai da ta ajiye wayar amsar ta dame ta, don kwana uku ke nan haƙorinsa na ƙasa yana ciwo, jiya ma jikinsa ya ɗan yi zafi.

Ta bar burodi a tanderu, maƙwabciya ta kwashe. Noureddine, ƙanen Sadok, ya baro tsinkar zaitun ya kawo motarsa ko hannu bai wanke ba. Sun wuce Kairouan kafin Sadok ya juyo daga kujerar gaba, mayafi naɗe a wuyansa har haɓa.

"Rafika, maganar haƙorin nan ta tsaya a motar nan."

"Kumatunka kamar ka ɓoye ƙwai a ciki. Su likitocin makafi ne?"

"Shekara biyar nake jira. Ba haƙori ne zai hana ni ba."

Rafika na tune da abin da aka bayyana musu tun ranar da aka sa sunansa: bayan dashe za a ba shi magani mai kwantar da garkuwar jiki, ciwon da bai kai ya kawo ba sai ya iya kashe mutum. Tana kuma tune da mutum biyu daga ɗakin da ake yi masa wankin ƙoda da suka mutu suna jira. Har suka shiga Tunis ba ta san wanne za ta zaɓa ba.

A barandar asibitin suka tarar da sauran biyun, wata malamar makaranta daga Beja tare da mahaifinta, da wani masunci daga Kelibia da matarsa. Aka gaisa, aka yi wa juna fatan alheri, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Aka ɗebi jinin Sadok. Likitan da ya duba shi ya jero tambayoyi, Sadok na amsawa da baki a tsuke. Da likitan ya gama rubutu, ya ɗago ya dubi Rafika.

"Hajiya, ke kike tare da shi. Akwai abin da kika lura da shi kwanan nan?"

Ta ji idon mijinta a kanta. Ta ce, "Likita, a duba bakinsa."

Aka haska, aka ga mugunya ta taru a dasashi. Gwajin jini ya tabbatar. Likitan ya zaunar da su ya ce yau dai ba zai yiwu ba, amma sunansa na nan cikin jerin. Suna fita Rafika ta ga ana tura masuncin a gado, matarsa na bin sa da takalmansa a hannu.

Sun kwana wajen dangi, aka yi masa wankin ƙoda da safe, suka kamo hanya. Sadok bai ce mata uffan ba, kuma kwana tara ya yi a haka, a gidan Noureddine yake cin abinci. 'Yan'uwansa mata suka ce ta yi wa mijinta baƙin ciki. Ita kanta in ta zauna gaban tanderu sai ta riƙa tambayar kanta ko ta rufe masa ƙofar da ba za ta sake buɗewa ba. Ranar da aka cire haƙorin Sadok ya dawo da auduga a baki, ya ce ta dama masa wani abu mai ruwa-ruwa. Da haka magana ta dawo.

Wata goma sha huɗu suka ƙara kafin a sake kira. A wannan karon aka yi dashen, ƙodar ta karɓe shi. Yanzu Sadok na zama a ƙofar gida yana miƙa wa masu saye burodi, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa matarsa ta ci masa shekara guda. Rafika ba ta musa masa. Har yau dai ba ta san yadda masuncin da malamar suka ƙare ba, kuma takan sa su a addu'a.