Cokalin da Na Naɗa wa Tsumma

Har in koma ga Mahaliccina, wani tsohon dillalin albasa na kasuwar Ose Okwodu da ke Anacha ba zai fita daga raina ba, shi da cokalin da na danƙa masa.

Bayan yaƙin basasa ne, mutanenmu Hausawa sun fara komawa Anacha, kuɗin fetur ya fara yawo a gari. Na samu aiki a wani asibiti, a sashen da ake koya wa waɗanda ciwo ya nakasa yadda za su koma harkokinsu. Saboda ina jin Hausa da Ibo, aka ce in riƙa bin mutanenmu gida-gida. Tsari ɗaya shugabarmu ta koya mana: jikin mutum kamar keken ɗinki yake, in wani ɓangare ya tsaya a gyara shi, in ya ƙi gyaruwa a sa wani ya karɓi aikinsa. Warkewa ita ce mutum ya yi komai da kansa. Ta ba ni takarda mai tambayoyi: yana sa riga da kansa? Yana ci da kansa? Ni kuwa, da rawar kan sabon ma'aikaci, na haddace ta tsaf.

Alhajin nan yaƙi ya cinye masa komai, ya dawo ya sake kafa rumfarsa. Kullum bayan azahar ana kawo masa babban tire na tuwo daga gida, dillalai da 'yan dako su kewaye, a sa hannu tare. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya mutu. Duk da haka bai bar rumfa ba. Ranar da na fara zuwa, na tarar ƙanensa yana zaune a gefensa, yana yanko loma yana sa masa a baki, Alhaji yana taunawa yana tsokanar wani ɗan dako wai lomarsa ta fi kansa girma.

Raina ya ɓaci. Na ja ƙanen gefe na ce, "Kawu, lalata shi kuke yi. Daga yau kada wanda ya sake ba shi a baki."

Na samo cokali, na naɗa wa mariƙinsa tsumma don ya yi kauri, na shiga koya wa Alhaji ci da hagu a ɗakinsa. Ran nan ya ajiye cokalin ya ce, "Ɗana, ka bar mu yadda ka same mu mana. Ni ban kai ƙara ba." Na ce, "Baba, so kake ka zama kaya a wuyan mutane?" Ya dube ni, ya ɗauki cokalin. Wallahi da a ce maganar nan tana komawa baki, da tuni na haɗiye ta.

Cikin 'yan makonni ya iya. Na cike takardata, shugabarmu ta ce mini weldon a gaban kowa, na rufe fayil na wuce gida na gaba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni Bahaushe ne. Tun ina ƙarami ake buge mini hannu in na kai hagu cikin kwano, amma takarda ba ta tambaya ba, ni ma ban tambaya ba.

Wata huɗu ban leƙa ba. Da na bi ta rumfar, na ga tiren an shanya barkono a kai. Ƙanen ya ce, "Yaya ba ya fitowa. Ya ce ba zai tsoma hagu a abincin mutane ba, ya kuma hana ni ba shi, wai kai ka ce shi kaya ne. Har liman ya je ya gaya masa lalura ce, babu laifi. Ya ce ya sani, amma ba zai iya ba."

Na same shi a ɗaki shi kaɗai, ya rame ya zama ƙashi da fata, ga kwanon tuwo ya huce, an ɗan taɓa gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na yi kuskure. Ka koma rumfa, a ba ka yadda aka saba." Ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Da ban san nauyi nake ba, yanzu na sani. Ai na iya ci da kaina. Ka rubuta."

Sau biyu na sake komawa ina roƙonsa, bai fito ba. Kafin damina ta ƙare ya rasu.

Yau ina jin ana koya wa masu irin aikinmu su dubi abu uku tare: mutumin, abin da yake yi da ke da daraja a wurinsa, da jama'ar da yake ciki. An kyauta, amma ba ya rage mini komai. Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara wa mutum rayuwarsa, ka zauna ka tambaye shi abin da ke riƙe da shi. Alhaji tiren nan ne yake riƙe da shi, ni kuma na raba shi da shi, na rubuta cewa ya warke.