Fidèle Mondonga, Wanda Ya Yi wa Ƙaninsa Hassadar Ebola

Haihuwa da karatu

An haifi Fidèle Mondonga a shekarar 1951 a garin Bumba, bakin Kogin Kongo. Mahaifinsa, Ebamba Mondonga, masunci ne, mahaifiyarsa Mama Likunde kuwa tana sayar da bandar kifi a tashar jirgin ruwa. Ya girmi ƙaninsa Anicet da shekara biyu, amma tare suka yi makarantar mishan, tare kuma suka koyi aikin jinya a Lisala, inda Fidèle ya fita da daraja ta ɗaya a 1973, Anicet kuwa sai da ya maimaita jarrabawa.

Annobar farko

A Satumbar 1976, lokacin da baƙuwar cutar da daga baya aka laƙaba wa sunan Kogin Ebola ta ɓarke a yankin Yambuku, hukuma ta tura su can su biyu. Fidèle ya yi jinyar waɗanda suka kamu, ya ɗauki gawa, ya binne abokan aikinsa, ko ciwon kai bai yi ba. Anicet kuwa da zuwansa ya kamu, ya kwanta rai a hannun Allah, sannan ya tashi. Likitocin da suka zo daga Turai na neman jinin waɗanda suka warke ruwa a jallo. Suka ɗebi nasa, suka ɗauki hotonsa, suka sama masa gurbin karatun likitanci a Beljiyam.

Ranar rakiya, a bakin jirgi, Fidèle ya ce masa, "Ni na yi aikin, kai ka yi kwanciyar. Je ka, Allah ya ƙaro zazzaɓi."

Aure da aiki

A 1979 ya auri Honorine Ekutsu, malamar firamare, ya kuma riƙe ƙaramin asibitin ƙauye tsawon shekaru ba tare da ƙarin girma ba. Duk tsarabar da Anicet ya aiko, Fidèle kan mayar. An ruwaito cewa ya yi wata guda ba ya cin girkin matarsa saboda ta rataye hoton ƙanin nasa a falo.

A 1995 cutar ta sake ɓulla a Kikwit. Ya je, ya tarar Dakta Anicet ne shugaban ayarinsu.

"Yaya, don Allah ka sa safar hannu biyu," in ji Anicet.

"Sa safar ne ya cuce ni," in ji Fidèle. "Da ban sa ba a Yambuku, da yau ni ke ba ka umarni."

Lokacin babbar annobar Gini, Laberiya da Saliyo a 2014, da aka riƙa hira da Anicet a rediyo, Fidèle ya kyautar da rediyonsa ga maƙwabci.

Shekarun ƙarshe

Ya yi ritaya a 2016. Amma da cutar ta ɓulla a Bikoro a Mayun 2018, ya ɗauki jakarsa ya tafi, duk da roƙon iyalinsa. Can ya kamu. Anicet ya baro Kinshasa, ya shiga tantin masu jinya, yana ba shi ruwa da cokali.

Fidèle ya dube shi ya ce, "To, ga shi ni ma na samu. Ina masu hoton?"

"Ka tashi tukuna, yaya. Ni da kaina zan ɗauke ka."

"Ƙarya kake. In na tashi, a ce kai ka warkar da ni."

Rasuwa

Ya rasu a farkon watan Yuni, yana da shekara sittin da bakwai. Ma'aikata sanye da rigunan kariya ne suka binne shi a Bikoro, iyalinsa na tsaye daga nesa, kamar yadda shi ma ya sha tsayar da iyalan wasu. Ya bar matarsa Honorine da 'ya'ya huɗu: Prosper, Bibiane, Dieudonné da Mado. Washegari gidan rediyon lardin ya sanar da cewa Allah ya yi wa yayan Dakta Anicet Mondonga rasuwa. Ba a ambaci sunansa ba.