Na'urar Kunnen Talatu

Yau wata budurwa ta zo gidana da kyamara, wai suna taimaka wa yaran makaranta masu buƙata ta musamman. Jikana kurma take nema.

Zamanin soja ina koyarwa wajen Auyo, masu irin wannan taimakon suka zo. Malam Garba masunci ya tsallako da 'yarsa Talatu, kurma, a kwalekwale. Suka maƙala mata na'urar ji a kunne, suka ɗauki hoto, suka cire abarsu.

Ya ce, "Malam, yaushe za su dawo mata da ita?"

Na ce, "Bayan damina."

Har ya rasu yana tambayata.

Shi ya sa yau na ce wa budurwar ta kawo malamin kurame tukuna, hoto daga baya. Ko na yi kuskure, jama'a?