Barewar da Bodil Ta Hana a Ɗauke

Kullum da safe, tun gari bai gama wayewa ba, motar makarantar renon yara kan tsaya a bakin dajin da ke bayan garinmu a yankin Jutland, ƙasar sanyi, ta juye yara kamar 'yan tsaki, kowanne cikin rigar ruwa da takalmin roba. Malamarsu, Bodil Thrane, ce ke fara sauka. Ba aji, ba allo, sai wata bukkar katako da murhu, da wuƙaƙen feƙe sanda da take miƙa wa 'yan shekara huɗu ko a jikinta. Ko ruwa ake ko ƙanƙara, a waje ake wuni. In yaro ya fara ƙunƙunin sanyi sai ta ce, "Tashi ka hau itace, malalaci, jininka ya motsa!" Haka take yi har kanta ya yi fari fat. A watan nan za ta ajiye aiki, kuma wallahi ba za a bari ta sulale shiru ba.

Dajin nan ba mai fara'a ba ne. Itatuwansa dogaye ne a cunkushe, ƙarƙashinsu duhu ko da rana tsaka, kuma in hazo ya taso daga fadama sai ya haɗiye muryar mutum. A gefen fadamar nan ne, wani lokacin kaka, shekaru da yawa da suka wuce, yara suka tsinci mushen barewa, idonta a buɗe. Da wata malamar ce, da ta kira mai kula da daji ya kwashe. Bodil ta ce a bar ta. Kowane mako sai ta kai yaran su tsaya a kanta, su ga abin da hankaki da tsutsa suka yi.

Cikinsu akwai Vigga, wadda mahaifiyarta ta rasu a bazarar shekarar. Ubanta, Troels, bai kai ta wajen jana'iza ba, don yana ganin ta yi ƙanƙanta. Tun daga nan, kullum da yamma tana tsaye a ƙofar gida tana kallon hanya, ko uwar za ta dawo. Ga ta tana ramewa, alhali akwatin abincinta a wofi yake dawowa. Bodil ce ta gano inda abincin ke zuwa: yarinyar tana ajiye baƙin burodinta da hanta a bakin barewar, washegari kuma ba a samun ko ɓurɓushi.

"Tana ci," in ji Vigga cikin raɗa. "In ta ƙoshi za ta tashi."

Da Troels ya ji, ya zo bukkar a fusace. "Bodil, kin haukace ne? Mushe kike nuna wa marainiya? Gobe a kwashe ƙazantar nan, ko in cire 'yata!"

"Cire ta in ka ga dama," in ji Bodil, tana zuba masa kofi. "Amma in aka ɗauke barewar nan, me kake tsammani Vigga za ta ce in ta zo ta ga wayam? Cewa za ta yi barewar ta tashi ta tafi. Daga nan kuma babu mai raba ta da ƙofar gidanka, Troels. Ka zo gobe. Ka sa takalmin kirki, ba wannan na zuwa biki ba."

Ya zo. Har yau in yana ba da labarin sai tsigar jikinsa ta tashi. Hazo ya rufe ko'ina, yara sun yi zobe nesa kaɗan da mushen, a durƙushe, babu mai ko tari. Haƙarƙarin barewar ya fito fari, ramin idonta ya cika da ruwa. Vigga ta je ta ajiye burodinta, ta dawo cinyar Bodil. Aka yi ta jira har yatsun Troels suka daina ji. Sai ya ga ciyawar bayan kan barewar tana motsi, kamar dabbar na shirin ɗaga wuya. Ya ce saura kaɗan ya kurma ihu.

Ashe yanyawa ce, ja, jiƙe sharkaf. Ta sunkuya, ta ɗauke burodin, hazo ya haɗiye ta.

 Can Vigga ta ɗago. "Bodil, barewar ba ta jin yunwa?"

"Ba ta ji."

"Sanyi fa?"

"Shi ma ba ta ji."

"Mama ma haka?"

 Bodil ta juya ta kafe Troels da ido, har sai da ya durƙusa cikin taɓo ya faɗa wa 'yarsa da bakinsa abin da ya kasa faɗa tun bazara. Yarinyar ta yi kuka mai tsanani, shi ma haka. Da rana ta yi, ta ci rabin burodin Bodil.

Ke ce, Bodil, mai aljihu cike da ƙasusuwa da fuka-fukai, wadda ba ta taɓa yi wa yaro ƙarya don ya yi shiru ba. Iyaye sun zage ki a kan barewar nan, kin shanye, ba ki ko fasa shan kofinki ba. Mun gode, uwar daji. Ku kuma masu renon yara da ke tasowa, ku daina kawar da kan yaro daga duk abin da ku kanku kuke tsoro. Ku tsaya kusa da shi ya kalla.

Ranar walimar bankwana da aka yi wa Bodil a makon jiya, Vigga ta zo, yanzu babbar mace, riƙe da hannun ɗanta. Ta kai shi gefen fadama, daidai inda barewar nan ta ruɓe, wurin da har yau ciyawa ta fi ta ko'ina tsawo da kore. Suka zauna a wurin, ta buɗe akwatin abinci, suka cinye tas.