Ƙwaryar burukutu a gonar citta

Jiya a gayyar haƙar citta a Madakiya, ƙwaryar burukutu ta zagayo har hannun ɗana Yohanna. Gabana ya faɗi. Tun da aka kwantar da shi asibiti saboda shaye-shaye yake kunyar shiga mutane.

Baba Dogo, mai gonar, ya ce, "Sha mana, ko ka raina ni ne?"

Yohanna ya ɗaga kai. "Baba, a kan abin nan na kwanta asibiti. Na daina."

Sai tsohon ya karɓe ƙwaryarsa. "Madalla, dama ba ta ishe mu ba. Ku kawo masa kunu!"

Yohanna ya fi kowa dariya. Yau ma ya koma gonar.

Iyaye mata, ku ma haka gabanku ke faɗuwa a taro?