Dutse Mai Zakara da Rigar Juma'a

Yanzu kowane gida ka shiga a Kalgo za ka tarar da dutsen guga na lantarki, wani ma har da mai fesa tururi. Lokacin da nake kula da gidan saukar baƙi na gwamnati, 'yan shekaru bayan an ba mu Jihar Kebbi, dutse ɗaya gare mu, na gawayi, mai zakara a kan murfi. Akwai wata Juma'a a kan dutsen nan da har yau ba ta fita raina ba, ita nake so in ba ku labari, ku da kuka gaje mu a aikin.

Mai riƙe da dutsen shi ne Baba Mamman, mutumin Malisa, wanda ya ba ni fiye da shekara goma a haihuwa. Ya daɗe yana wanki da guga a gidan, amma a matsayin ma'aikacin wucin gadi. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, ma'aikacin wucin gadi ana iya sallamarsa da baki, ya tafi ba fansho ba komai. Sai an tabbatar da shi sannan yake zama cikakken ma'aikaci. A shekarar nan sunansa na cikin waɗanda Sakataren ofishinmu zai duba, ko ya tabbatar ko ya sallama.

Ni kuwa na zo aikin da yawon duniya cike da kaina. Na yi aikin otal a Kumasi, na yi a Yamai, na yi shekara uku a Jidda. Ina jin Zabarmanci da Larabci da Faransancin kasuwa, kuma ba na iya ganin abu ban gwada shi da wanda na gani a wani gari ba. Shi ya sa Baba Mamman ya raɗa mini suna Alhajin Kumasi. Da na soma "a can kuwa", sai ya ci gaba da fifita gawayinsa, ya tambaye ni ko a can da ƙafa ake cin tuwo.

Yana da ƙa'idodinsa. Gawayin ƙirya kaɗai yake sa wa dutsen, don ba ya tartsatsi, kuma ba ya ɗibar wuta a madafa, wai kada riga ta ɗauki warin kifi. In ya gama, sai ya zubar da toka, ya goge ƙasan dutsen a kan gishiri, ya shafa masa guntun kyandir, ya ɗora shi kan bulo. Teburinsa kuwa tsohuwar ƙofa ce da aka ɗora kan ganguna biyu, aka shimfiɗa bargo biyu da farin ƙyalle. Wannan ƙofa ita ke ba ni kunya in baƙo ya leƙa baya.

Don haka na cike takardar neman kaya, na nemi dutsen lantarki da teburin guga mai naɗewa irin na otal. A wurin da ake rubuta dalili na sa cewa da su kowa zai iya guga, ba sai an jira mai wanki ba. Wallahi ƙofar nake hari, ban tuna da mutumin ba. Da kayan suka iso daga Birnin Kebbi, Sakatare ya kira ni ya karanta mini abin da na rubuta. Ya ce in haka ne, bai ga dalilin tabbatar da tsoho ba, amma zai jira ya ga aikin sabon dutsen.

Maganar ta kai kunnen Baba Mamman. Ya zo ya zagaya sabon teburin, ya auna faɗinsa da taƙi, ya ce, "Alhajin Kumasi, wanga tebur na rigar Bature ne."

A makon ne wani babban jami'in duba makarantu ya sauka a gidan. Ranar Alhamis ya ba da farar babbar rigarsa ta shadda, mai aikin hannu a ƙirji, ya ce da ita zai yi sallar Juma'a a Gwandu, inda za a ɗaura auren ɗan yayansa, kuma ƙarfe sha biyu zai kama hanya. Baba Mamman ya wanke ta, ya sa bula da sitaci, ta bushe. Da safiyar Juma'a na ce ya huta, ni zan goge.

Na murɗa dutsen har ƙarshe, yadda muke yi wa zannuwan gado a Jidda. Abin da ban lissafa ba shi ne duk yawona kwat da shat da zanen gado na goge, ban taɓa goge babbar riga mai sitacin rogo ba. Da na shimfiɗa ta, sai hannuwanta biyu suka zubo ƙasa, don teburin bai kai rubu'inta ba. Na sunkuya in tattaro wanda ke jan ƙasa, na bar dutsen a kan ƙirji. Kafin in ɗago, sitaci ya kama gindin dutsen. Na ja shi da sauri, ya bar wani jan tabo tun daga aljihu har wuya. Na murza da jiƙaƙƙen tsumma, tabon ya ƙara faɗi.

Ƙauri ne ya kawo Baba Mamman. Ya ɗaga rigar ya duba ta a haske, ya shinshina, ya kankara wurin da farce.

"Sitaci ne ya ƙone, zaren bai taɓu ba," in ji shi. "Alhaji, ɗebo ruwa."

Ranar nan ni ne mai jan guga a rijiya. Ya jiƙa wurin da ruwan lemun tsami, ya wanke da sabulu a hankali, ya ɗauraye sau uku, ya sake sa sitaci mai ruwa-ruwa, ya baza ta kan tabarma a rana. Tun da sauran danshi ya ɗauke ta ya kai kan ƙofarsa, ta kwanta gaba ɗaya, ba inda ya taɓa ƙasa. Ya juya ta bai-bai, ya kifa aikin a kan bargo, ya ce haka ake yi don zaren ya tashi maimakon ya kwanta. Ina fifita gawayi, shi yana taɓa gindin dutsen da jiƙaƙƙen yatsa yana sauraren ƙararsa. Sha ɗaya da rabi ya ninke ta ya ɗora mini a hannu, ya ce in kai, kuma kada in ce komai.

Sakatare ya zo rakiyar baƙo. Jami'in ya fito rigar na ɗaukar ido, ya ce ko a Kaduna ba a taɓa yi masa guga irin wannan ba. Sakatare ya juyo gare ni yana murmushi, ya ce ashe sabon dutse ya yi wa kansa shaida, ranar Litinin in kawo masa fayil ɗin tsoho a rufe maganar.

Baba Mamman na tsaye gindin darbejiya, duk yana ji. Muka haɗa ido, ya girgiza mini kai a hankali, alamar in yi shiru. Mutumin da aikinsa ke shirin tafiya shi ne ke rufa mini asiri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sabon dutse ya goge rigar nan ba. Ni na ƙona ta da shi, Baba Mamman ya ceto ta."

Na kai Sakatare da jami'in bayan gida, Sakatare ya ga gindin dutsen lantarkin baƙi ƙirin, ya ga na gawayin kan bulo da sauran ɗuminsa. Jami'in ya yi ta shafa ƙirjinsa yana neman tabon yana dariya. Sannan Sakatare ya tambayi Baba Mamman dalilin da ya sa ya so a ɓoye, alhali ya san abin da zai biyo baya.

"Yallaɓai, riga ce ta ɓaci, munka wanke ta," in ji shi. "Girman Alhaji in ya ɓaci, ba ni da sabulunsa."

Ranar Litinin na kai fayil ɗin kamar yadda aka umarce ni. Takarda biyu suka fito daga ofis. Ɗaya tawa ce, ta neman bahasi kan lalata kayan gwamnati, na amsa ta da gaskiya aka yi mini gargaɗi. Ɗayar ta tabbatar da Baba Mamman ce.

Dutsen lantarkin ma shi ya gyara shi, da gishirinsa da kyandirinsa. Ya riƙa goge ƙananan kaya da shi in akwai wuta, yana rage masa zafi, har ya amsa cewa dutsen bai da laifi, maigidansa ne mai gaggawa. Tebur mai naɗewa ya koma wurin ajiye ninkakkun kaya. Na kira kafinta ya auna tsohuwar ƙofar, ya ƙera mana tebur daidai faɗinta, muka mayar da barguna biyun a kai.

Na ga masu guga a ƙasashe huɗu, kowa da dutsensa, amma a Kalgo na gane cewa kayan aiki ba su san aiki ba, mai riƙe su ne ya sani. Baba Mamman ya yi ritaya da fanshonsa ya koma Malisa, kuma har ya bar gidan bai daina ce mini Alhajin Kumasi ba. Tun daga Juma'ar nan har na ajiye aiki, ban sake sa hannu a takardar neman kaya ba sai na je na tambayi wanda zai riƙe kayan.