Kangon da Issoufou Ya Share

Issoufou mutumin wani ƙauye ne a gefen Tawa, kuma ya tsufa yana share titunan Harra ta Yamma a Madina. Idan ka ga wani dogo cikin kayan ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, yana bin haki ɗaya har bakin ƙofar mutane, to shi ne. Abokan aikinsa suna yi masa tsiya, wai ko a Aljanna aka ba shi gida sai ya tambayi inda ake ajiye tsintsiya.

A ƙarshen layinsa akwai wani kango mai baƙaƙen duwatsu, da magarya biyu, da tarin busasshiyar ƙaya. Nan kaɗai bai taɓa sharewa ba, don ba ya cikin aikinsa. Shekarar da matarsa Hajo ta rasu can gida, ya kasa zuwa ko gaisuwa, sai ya yanke gindin jarka ya ajiye ƙarƙashin magarya, yana zuba wa tsuntsaye ruwa, ladan ya kai mata. Kurciyoyi suka fara zuwa, sai alhudahuda, sai ƙudan zuma. Wata bushiya ma ta haihu a cikin ƙayar. Duk damuwar da ya kwaso, a nan yake sauke ta.

Wata rana Balarabe, Bakano mai tuƙa tankar ruwa, ya tsaya ya ce masa, "Malam Isufu, albishirinka. Wani kamfani na zagaya kangaye, za su zaɓi waɗanda za a bar wa tsuntsaye da ƙananan namun dawa, sauran kuma a gine. Ranar Lahadi muhandis, injiniyansu ke nan, zai zo nan. In wurin ya yi musu, halas, shi ke nan, ba mai taɓa shi."

Issoufou ya juya ya dubi kangon, kunya ta kama shi. A garinsu, ko mai tallan goro ne zai kwana gidanka, sai an share tsakar gida an yayyafa ruwa, balle manyan baƙi. Yaya za a yi su zo su tarar da wannan ƙazanta su ce ya dace?

Hutunsa kaf a nan ya ƙare. Itace mai rai bai taɓa ba, ya san hurumin Madina. Amma busasshiyar ƙaya ya janye ta tas, ya tattara ganyen da ya shekara yana ruɓewa, ya ɗaga duwatsu ya jera su a gefe reras, har da shafa musu farar ƙasa. Bushiya ta fito a firgice, 'ya'yanta na biye, ya ce mata, "Yi haƙuri, don ke ake yi." Motar shara ta kwashe komai. Ya tsaya yana kallon aikinsa, ransa fari ƙal.

Muhandis ɗin wani matashi ne mai suna Saif, haifaffen Madina, kakarsa Bahaushiya, Hausarsa rabi Larabci. Ya sauko daga mota da kyamara a wuya, ya yi turus.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Issoufou, yana gyara hula.

Saif ya sake duban wurin. Sannan ya ce, "Ya Baba, na taɓa wucewa nan, na ga hudhud, na ga gidan zuma. Ni na roƙa a zo a duba. Ina ƙayar? A cikinta suke ɓuya. Ƙarƙashin ganyen nan abincinsu yake. Duwatsun kuma gidajensu ne, kullu, dukkansu."

"To a mayar mana," in ji Issoufou.

Saif bai yi masa faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya zagaya, ya durƙusa, ya leƙa, ya jira har rana ta take. Kurciya ɗaya ta sauka ta sha ruwa ta tashi. Ya ce zai roƙi a ƙara lokaci, kuma ya roƙa, amma kangaye da yawa ne, kuma abin da ido ya gani ake dubawa. Aka zaɓi wani wuri can wajen Uhudu.

Kowa ya ce masa ƙaddara ce, shi ma ya san haka. Sanin bai hana shi kuka a bayan tankar Balarabe ba, dattijo da furfurarsa. Da wani azzalumi ne ya kori halittun nan, da ya sami wanda zai kai ƙara wurin Allah. To shi ne, da hannunsa, kuma don ƙauna.

Yanzu wurin ya zama ma'ajiyar motoci. An bar magaryar biyu a tsakiya, an zagaye su da siminti. Da yake a ƙarshen layinsa yake, sai aka sa shi cikin aikinsa, kullum da safe yana share shi. Kwanan baya shugabansu ya tara ma'aikata ya yaba masa a gabansu, ya ce duk unguwar babu wurin da ya kai nan tsafta.